Rijiyar da Ba Ta Amsa Ba

Fasa-Dutse ake ce masa, masu sauri su taƙaita su ce Fasa. Sunan da iyayensa suka sa masa kuwa ba mai kiransa da shi sai matarsa, ita ma sai ranar da ranta ya ɓaci ƙwarai. Haƙar rijiya ce sana'arsa. A hannun kawunsa ya koya. Ya fara da kwasar ƙasa a bakin rami, har ya zama shi ke shiga ciki wasu na kwasa.

Gajere ne mai faɗin ƙirji, wuyansa kusan ɗaya da kansa. In ya yi magana a tsakar gida, na bakin titi sai ya waiwayo. Yakan ce rijiya ce ta ba shi muryar, don wanda ke ƙasa in bai ɗaga murya ba na sama ba zai ji shi ba. Matarsa ta ce ƙarya yake yi, da abarsa aka haife shi, ungozoma ma sai da ta toshe kunne.

Aiki kam ya iya shi, wannan ba mai ja. Zai zo fili ya zagaya, ya tsuguna ya damƙi ƙasa ya murza, ya shinshina, ya dubi itatuwan wurin, sannan ya buga dunduniya ya ce, "Nan." In ya ce nan, to nan ɗin ne. Abin da ya ɓata shi, shi ma ya san ya iya. In yana tafe ya hangi mace da bokiti a ka, sai ya zunguri na kusa da shi ya ce, "Ka ga ruwan can? Nawa ne. Rabin garin nan ni ke shayar da su, ba su ma sani ba." In wani ya ce, "Haba Fasa, ka riƙa cewa in Allah ya yarda mana," sai ya ce, "Ai ya yarda, shi ya sa ya yi ni."

Yana da wata ɗabi'a. Duk ranar da ya kai ga ruwa, kafin ya aiko da gugan farko, sai ya ɗaga kai ya kwarara sunansa, rijiyar ta maimaita masa, ya yi dariya. Ya ce ta haka kowace rijiya take sanin ubanta.

Mai riƙe masa igiya ƙanensa ne, wanda ake kira Shiru saboda ƙarancin maganarsa. Dogo ne siriri, magidanci da 'ya'yansa, har furfura ta fara leƙo masa. Shekara da shekaru yana tsaye a bakin rami cikin rana, ya saukar da yayansa, ya jawo ƙasa, ya mayar da guga, ya jawo yayansa. In guga ya yi jinkiri, sai a ji murya daga ƙasa: "Kai, barci kake yi? Ko jaki aka ɗaura wa igiyar nan ai zai fi ka sauri!" Shiru ya ce, "To, Yaya." Iyakar amsarsa ke nan. In an gama aiki mutane suka taru suna yaba ruwa, Fasa ne a tsakiya yana ba da labari, Shiru na gefe yana naɗe igiya.

Mazaunin Fasa ɗaki biyu ne a gidan haya bayan tashar mota. Diga da shebur da guduma suna jingine a bayan ƙofa, ba mai taɓa su. Matarsa, wadda maƙwabta ke kira Tela, tana zama da keken ɗinkinta a bakin ƙofa inda haske ya fi. 'Yarsu ta fari tana koyarwa a makarantar firamare, kowa na ce mata Malama, har da uban. Ta yi aure a wata unguwa, amma takan leƙo su ƙarshen mako.

Abin ya faro ne daga teburin mai shayi. Wani direba ya ce, "Fasa, akwai tudun da ya fi ƙarfinka."

Ashe wani dattijo ne da ya yi ritaya ya sayi fili a kan tudu a bayan gari, ya shuka lemo da mangwaro, yana ɗauko musu ruwa a jarkoki da tsohuwar motarsa. Masu haƙa kashi biyu sun gwada, duk sun tattara kayansu sun gudu. Fasa bai ko ƙarasa shayinsa ba. Ya je ya sami dattijon, wanda ake kira Mai Lambu, ya zagaya filin, ya murza ƙasa, ya shinshina. A gaskiya bai ji komai ba. Ƙasar a bushe take ƙamas, ba ta gaya masa ko kalma ɗaya ba. Amma direban ya biyo shi, ga kuma Mai Lambu tsaye yana kallonsa. Sai ya buga dunduniya kusa da wani mangwaro ya ce, "Nan."

Suka fara. Suka wuce jar ƙasa, suka wuce tsakuwa, suka shiga yumɓu mai danƙo wanda ke riƙe bakin diga. Suna tafiya suna zura zobban siminti don kada gefe ya rufto. Igiya ta ƙare, aka ƙulla wata. Ita ma ta ƙare. Fasa bai taɓa yin nisa haka a cikin ƙasa ba. In ya ɗaga kai, bakin rijiyar bai fi murfin tukunya ba, kan Shiru kuma ɗan ɗigo ne baƙi a gefensa. Can sai suka tarar da farin dutse, mai laushi a ido, mai taurin kai a hannu. Aka ajiye diga aka ɗauki guduma.

Wata rana da hantsi ya sauke guduma, wani falle na dutsen ya ɓantare, sai ga kifi. Kifi sosai, da kai da ƙaya da wutsiya, kwance a jikin dutsen kamar an zana shi da allura, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. A gefensa ga ƙananan katantanwa birjik, su ma sun zama dutse. Fasa ya haska da tocilar da yake ɗaurawa a goshi, ya juya shi, ya sake juyawa. Sannan ya jefa shi cikin guga ya yi kira, "Shiru! Ga cefane nan, ka kai wa matarka ta soya!"

Amma da yamma shi ya ɗauke shi ya kai gida. Ya tarar Malama ta zo. Ta karɓa ta duba, ta ce, "Baba, ai teku ne a wurin."

"Wane teku? A kan tudu? Ke da wa kuka gani?"

"Ba wanda ya gani. Tun kafin a yi mutane ne. Ruwa ya rufe duk inda muke zaunen nan, ya yi shekarun da ba sa ƙirguwa, sannan ya janye. Wannan kifin ya mutu ya nutse cikin laka, lakar ta zama dutse."

"To su wa ke kamun kifin?"

"Babu kowa, Baba."

"Su wa ke sha?"

"Ba a shan ruwan teku. Kuma mai shan ma babu shi."

Fasa ya ajiye kofin da ke hannunsa. "Ruwa ya rufe duniya, ba mai sha, ba mai wanka, ba mai ko kallonsa? To don wa aka yi shi?"

Malama ta yi dariya. "Wannan kam sai ka tambayi wanda ya yi shi."

Ya ce an yi asarar ruwa, ya ɗora dutsen a kan taga. Sai dai yana cin abinci idonsa na komawa wurin. Bakin kifin a buɗe yake, kamar an katse shi yana tsakiyar magana. Kafin ya wanke hannu sai da ya tashi ya kifa shi.

Bayan 'yan kwanaki Shiru ya yi abin da bai taɓa yi ba. Fasa ya saba in ya sauka ƙasa ya kwance igiyar daga ƙugunsa, don ta bar shi ya sake. Ran nan yana shirin shiga, Shiru ya ce, "Yaya, yau kada ka kwance."

"Me ka ce?"

"Ƙarar gudumarka ta canja. Daga nan sama ina jinta kamar ana bugun ganga. Ban san ko mene ne ba. In za ka kwance, ba zan saukar da kai ba."

Fasa ya dube shi sama da ƙasa. "Yau kuma bebe ya yi baki! Kai za ka koya mini ƙasa?" Ya zazzaga masa faɗa son ransa, Shiru na tsaye riƙe da igiya bai motsa ba. Da ya ga rana na yi, sai ya ce, "Na ji, matsoraci. Saukar da ni." Shiru ya zagaya igiyar sau ɗaya a gindin mangwaron, ya bi da ita ta kan gungumen da aka gicciya a bakin rijiyar, ya saukar da shi.

Rana ta take tsaka lokacin da abin ya faru. Fasa ya ɗaga guduma ya sauke, sai bakinta ya shige, kamar ya bugi ƙwarya. Wata iska mai sanyi ta huro ta ramin ta taɓa masa ƙafa. Ya sunkuya zai duba. Bai ji ƙara ba, bai ji girgiza ba. Ƙasar da yake tsaye a kai ce kawai ta daina kasancewa.

Ya tafi. Igiya ta bi shi da gudu, sannan ta cije, ta fizge shi a ƙugu har numfashinsa ya ɗauke. Da ya dawo hayyacinsa sai ya ji yana lilo a hankali, ƙafafunsa ba sa taɓa komai. Gudumar ta suɓuce masa, dutsen da ya rufta ma ya tafi tare da ita. Ya kasa kunne yana jiran ya ji faɗuwarsu. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana auna zurfi da kunne, ya jira, ya jira, bai ji komai ba.

Tocilar na nan a goshinsa. Ya sunkuyar da kai, hasken ya tafi ya ɓace bai sami abin sauka a kai ba. Ya juya dama, babu bango. Ya juya hagu, babu bango. Sai ya ɗaga kai. A samansa rufin farin dutse ne shimfiɗe, ya tafi ta kowace fuska har inda haske ya gaza, cike da katantanwar nan dubbai a kan dubbai, suna ƙyalli da laima kamar taurari. Kai ka ce wata samaniya ce aka ajiye a ƙarƙashin ƙasa aka manta da ita. A tsakiyar rufin ga wata 'yar huda da igiyarsa ta zuro ta ciki. Sai da ya daɗe yana kallonta kafin ya gane rijiyarsa ce. Aikin da ya cinye masa rani guda, wanda ya fi duk abin da ya taɓa haƙawa, ga shi can kamar inda ƙaya ta huda zane.

Ya buɗe baki ya kira ƙanensa. "Shiru!" Ba ƙanen ba, shirun wurin ne ya amsa masa. Muryar nan da ke tsayar da mutane a titi ta fita daga bakinsa ta faɗi kamar an jefa tsinke a kogi. Ya sake. Daga nan, bai san dalili ba, ya kwarara sunan kansa, kamar yadda ya saba. Ba abin da ya dawo. Wurin ya yi girman da ba shi da gefen da zai maido da murya.

Da ya yi shiru sai ya ji wani abu. Can nesa, ta inda ba zai iya nunawa ba, ɗigon ruwa ne ke sauka. Ɗis. A daɗe. Ɗis. Ba ya sauri, ba ya jinkiri. Ya fahimci cewa ɗigon nan yana sauka tun kafin a haifi kawunsa, tun kafin a kafa garin, wataƙila tun kafin a yi wanda zai ji shi. Faɗowarsa ba ta sa ya tsaya ba. In igiyar ta tsinke yanzu ma ba zai tsaya ba. Iskar da yake shaƙa tana da ƙanshin jiƙaƙƙen dutse, ya san kuma babu hancin da ya taɓa shaƙarta sai nasa. Sanyi ya shiga ƙashinsa. Ya riƙe igiyar da hannu biyu, ya manna goshinsa a jikinta, ya ji tana rawa kaɗan-kaɗan. Wannan rawar, hannun ƙanensa ce.

A sama, lokacin da igiya ta zarce, Shiru bai sake ta ba. Ta bi ta tafin hannunsa da gudu tana cin nama, ya tokare ƙafa a gindin mangwaro, ya naɗe ta a damtse, ya kwanta da baya. Mutumin da ba a taɓa jin muryarsa ba ya yi ihun da ya fito da Mai Lambu daga ƙarshen gonar a guje. Dattijon ya ga su biyu ba za su iya ja ba. Ya kawo motarsa, ya ɗaura ragowar igiyar a ƙarfen gaba, ya riƙa ja da baya kaɗan-kaɗan, Shiru na bakin rami yana gyara ta da hannayen da jini ke zuba. Haka aka fito da Fasa, fari fat da ƙurar dutse, idonsa a buɗe.

Mai Lambu ya ce, "Sannu, bawan Allah! Me ka gani a ciki?"

Fasa ya dube shi. Ya dubi itatuwa, ya dubi ƙasar da aka kwantar da shi a kai, ya shafa ta da tafin hannu a hankali. 

Ma'aikatan hukuma sun zo sun leƙa, suka zura fitila da doguwar igiya, suka jawo ta ba ta taɓa komai ba. Suka ce a rufe. Aka zuba ƙarfe da kankare a bakin, Mai Lambu ya koma ɗauko ruwa a jarka.

A asibiti an ce ba abin da ya sami Fasa sai ƙujewa a ƙugu. Amma wanda ya koma gida ba shi ne wanda ya fita ba. Tafiyarsa ce ta fara canjawa. Da can in yana tafe ƙasa na amsawa, yanzu sai ya riƙa ɗora ƙafa kamar mai shiga ɗakin da jariri ke barci. In babbar mota ta wuce gida ya girgiza, sai ya dafa bango. Wata rana tsakiyar kasuwa, rana tsaka, ana ciniki ana hayaniya, mai nama na sara, masu kaya na neman hanya, sai kawai ya tsaya. Ya ga duk wannan, rumfuna da mutane da faɗansu da dariyarsu, a kan ɗan ɓawo suke zaune, ƙarƙashinsu kuma duhun nan ne, da ɗigon nan yana sauka. Ya tsuguna a inda yake. Sai da wani mai baro ya ce, "Baba, lafiya?" sannan ya miƙe.

Diga da shebur suka yi tsatsa a bayan ƙofa. An zo nemansa aiki ya ce ba ya jin daɗi. A teburin mai shayi direban nan ya ce, "Jama'a, ashe sunan bai canja ba. Da yana fasa dutse, yanzu yana fasa aiki!" Aka kwashe da dariya ana jiran ya tashi da faɗa. Ya ɗan yi murmushi ya ce, "Haka ne." Dariyar ta mutu, kowa ya koma kan kofinsa.

Tela ta yi haƙuri har ta gaji. Wata rana ta tsayar da kekenta ta ce, "Maigida, ka gaya mini gaskiya. Aljanu ka gani a ramin nan? In su ne, a nema maka taimako."

Ya girgiza kai. "Da aljan na gani, da na ji sauƙi."

"Sauƙi kuma?"

"Aljan ai ya san da kai. Ko ya tsorata ka, ko ya kore ka, ko ya ce ka taka masa gida. Can ba kowa. Ba wanda ya ji haushin zuwana, ba wanda ya yi murna. Wuri ne da ya fi garin nan girma, an ƙawata rufinsa kamar me, kuma ba don ni aka yi ba, ba don ke ba, ba don kowa ba. Ni da nake cewa na san ƙasa, ashe fatarta kawai nake sosawa."

Tela ta ce, "To ai sai ka gode wa Allah da ya fito da kai."

"Ina godiya. Kunya ce ta hana ni sakewa. Kin san abin da na yi a ciki? Sunana na kira."

Ta so ta yi dariya, da ta ga fuskarsa sai ta fasa.

Ya daɗe bai je gidan ƙanensa ba, don bai san da wane ido zai dube shi ba. Ranar da ya je, ya tarar da shi zaune a inuwa, an kwance masa bandeji. Tafin hannayen sun warke sun yi sulɓi kamar roba, yatsu biyu na hannun dama sun ƙage, ba sa lanƙwasuwa. Matarsa ce ke ɓalle masa maɓallin riga. Shiru ya yunƙura zai ba shi kujera, Fasa ya riga shi ya zauna a ƙasa.

Suka gaisa. Can Fasa ya ce, "Me ya hana ka saki? Da ka saki ba mai ganin laifinka."

"Ban tuna ana saki ba, Yaya."

"Na yi nauyi ko?"

Shiru ya dubi hannunsa. "Fizgar farko ce ta ci ni. Bayan nan kuwa, wallahi abin da ya ba ni tsoro ke nan. Ba ka da nauyi. Na zaci igiyar ta tsinke, dutse ne ya maƙale a ciki. Duk kai ɗin nan, Yaya, da muryarka da komai, ba ka fi guga biyu na yumɓu ba."

Fasa ya yi dariya, ta farko tun fitowarsa, har hawaye suka zubo masa, daga nan kuma ba a gane ko dariyar ce ko wani abu ba. Ya kama hannun ƙanensa mai ƙagaggun yatsu ya riƙe. Ya ce, "Ka yafe mini jakin da na riƙa kiranka."

Shiru ya ce, "To, Yaya."

Bai ƙara shiga rijiya ba har abada. Amma gida biyu na jiran abinci, nasa da na ƙanensa, don haka ya nemi masu haƙar da a da yake kira 'yan wasan ƙasa, ya ce su ɗauke shi riƙon igiya. Da farko sun zaci zolaya ce. Shiru ya riƙa binsa yana zama a inuwa yana koya masa: yadda ake tsayuwa, yadda ake sauraron igiya, yadda ake gane na ƙasa ya fara rasa iska tun kafin shi kansa ya gane. Fasa ya tarar aikin da ya raina yana cin baya, yana cin ido, kuma ba mai yaba maka. In na ƙasa ya yi masa tsawa, sai ya ce, "To, ga shi nan." In an nemi ya duba fili, yakan duba, amma ya daina buga dunduniya. Sai ya ce, "Mu gwada nan, mu ga abin da za a ba mu."

Shekaru suka tafi. Mai Lambu ya rasu, 'ya'yansa suka bar gonar ta zama jeji. Gari ya yi ta matsowa har gindin tudun. Wata damina aka yi ruwa kamar ba za a daina ba, sai labari ya zo cewa tudun ya zauna. Rabin lambun, da itatuwansa da kankaren da aka rufe rijiyar da shi, duk sun nutse, wani tafki mai zagaye ya fito a wurin. Ba a rasa rai ba. Rani ya zo tafkin bai ƙafe ba, na biyu ma haka. Sababbin unguwannin wurin suka koma ɗiba a can.

Fasa ya yi ta cewa zai je, yana fasawa. Ranar da ya je, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya tarar da ruwa kore shar, a kwance, ba a ganin ƙasansa. Mata na wanki a gefe, masu tura kurar ruwa na cika jarkoki. Ya tsaya nesa da baki. Ruwan da ya nema da guduma rani guda bai samu ba, ga shi ya fito da kansa, ranar da ya ga dama.

Wata mata mai goyo tana fama da bokiti, ya matsa ya kama mata ta ɗora a ka. Ta ce, "Na gode, Baba. Amma kada ka matsa bakin can, ba shi da ƙasa. Baƙo ne kai ko?"

"Kusan haka."

"Ai wurin nan da labarinsa. Wani mai haƙar rijiya ne, an ce girman kai gare shi kamar me, ya rantse sai ya fito da ruwa a kan tudu. Ƙasa ta buɗe ta haɗiye shi, har yau ba a ga gawarsa ba. Masu zuwa da sassafe sun ce wani lokaci ana jinsa yana kira daga ƙasa."

 Ya ce, "Me yake cewa?"

"Wa ya tsaya ji?"

"Ya sunansa?"

Ta gyara goyonta. "Wallahi ban sani ba, Baba. An daɗe."

Ya dubi ruwan. Ya ce, "Allah ya jiƙansa."

Ta ce amin, ta kama hanya, ruwa na ɗiga mata a kafaɗa.

Da ya koma gida ya ba Tela labari, ta ajiye almakashi ta ce, "Kana tsaye da ranka aka kashe ka, ka yi shiru? Gobe ka kai ni wurin matar nan!"

Ya ce, "Bar su. In an ce ana jinsa yana kira, ban isa in ce ƙarya ne ba. Ni ma ban ji inda kiran ya sauka ba."

Ta dube shi ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ja kujerarta ta matso kusa da shi, ta ci gaba da ɗinkinta da hannu, don kada ƙarar keke ta dame shi.

Washegari yana da aiki a wata unguwa, rijiyar wani mai gidan burodi za a yashe. Ya fito da igiya tsakar gida, ya bi ta da yatsu tun daga farko har ƙarshe. Ya sami wuri ɗaya da ta fara warwarewa. Ya zauna ya gyara shi, ya ja ya ga ya riƙe, sannan ya saɓa ta a kafaɗa ya biya ta gidan ƙanensa.